Karin Magana Tsakanin Ƙaddara da Himma a Ƙasar Zamfara

A ƙauyukan noma da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, irin su Karakkai, akwai zantuka biyu da kusan kowane baligi ya haddace, kuma yana faɗin kowanne daga cikinsu da cikakkiyar sakankancewa: na farko shi ne "ƙaddara ta riga fata", na biyu kuwa "zomo ba ya kamuwa daga zaune". Dukansu karin magana ne, wato gajerun zantukan hikima da aka gada kaka da kakanni, waɗanda ba a san wanda ya fara ƙaga su ba, kuma abin da ake nufi da su yakan zarce abin da kalmominsu suka ambata a fili. Wanda ya jera waɗannan biyu a kan takarda zai ga kamar ɗaya yana rushe ɗaya, domin idan an riga an gama rubuta abin da bawa zai samu tun kafin ya yi fatansa, to babu dalilin bin zomo a guje, idan kuma gudun ne ke kawo zomon, to fata da himma ba su makara ba. Kowane ɓangare yana da 'yan'uwa masu yawa. A bayan na farko akwai "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", da "tsautsayi ba ya wuce ranarsa", da "zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi". A bayan na biyu kuma akwai "mai nema yana tare da samu", da "ba a fafe gora ranar tafiya", da "don tuwon gobe ake wanke tukunya". Tambayar da ta dace a yi ita ce ko mutanen da ke riƙe da waɗannan duka sun ruɗe ne a kan mas'alar da ta fi kowace wuya a ilimin tauhidi, ko kuwa mai kallon takardar ne bai san yadda ake karanta karin magana ba.

Zargin ya zo ta fuska biyu. Wasu daga cikin masu ilimin zamani sukan tsinci kashin farko kaɗai, su kafa hujja da shi cewa Bahaushe mutum ne mai naɗe hannu ya jira abin da aka rubuta masa, har su jingina talaucin karkara ga wannan ɗabi'a. Wasu masu wa'azi kuma sukan tsinci kashi na biyu, su ji tsoron kada ya sa jahili ya zaci cewa wayonsa da ƙarfin damtsensa ne ke ciyar da shi. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure ɗaya, wato ɗaukar karin magana a matsayin hukunci gamamme wanda ke aiki a kowane lokaci da kan kowane mutum, kamar yadda ƙa'idar lissafi ko ta rabon gado take aiki.

Wani ɓangare na wannan kuskure ya samo asali daga yadda aka taskace karin magana a rubuce. Kyaftin Merrick ya buga tarinsa a 1905, Rattray ya sanya wasu a cikin littafinsa na 1913 wanda wani malami Bahaushe ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya cika da su a matsayin misalan kalmomi, Whitting ya fitar da nasa a 1940, Kirk-Greene kuma ya tara ɗari biyar a 1966, sannan Hausawa da kansu suka karɓi aikin, kamar Yusufu Yunusa a cikin Hausa a Dunƙule. Tun kafin su Larabawa sun yi irin wannan, domin Maidani, wanda ya rasu a 1124, ya jera dubban karin maganar Larabawa bisa tsarin haruffa a cikin Majma'ul Amsal. Aiki ne mai daraja, kuma ba don shi ba da yawancin zantukan sun bi tsofaffi zuwa kushewa. Sai dai jeri irin wannan yana ajiye kalmomin ne, ya bar abubuwa uku a waje: wanda ya faɗi maganar, da wanda aka faɗa wa, da lokacin da aka faɗe ta. Waɗannan ukun su ake kira muhallin magana, kuma a cikinsu rabin ma'anar take. Ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa ya ba da ma'anar "rabon kwaɗo ba ya hawa sama" zai iya cin makinsa da jimla ɗaya, amma tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san abin da shi bai sani ba, wato cewa ana faɗin wannan ga wanda ya rasa abu yana neman cinye kansa da baƙin ciki, ko ga wanda ke tsoron wani zai ƙwace masa abin da ke tafe gare shi, kuma ba a faɗin sa ga saurayin da ke kwance a inuwa ranar da ake huɗa.

Karo irin wannan bai taƙaita ga mas'alar ƙaddara ba. Bakin da ya ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" idan yaro ya gaji halin ubansa, shi ne zai ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba" idan yaron ya saɓa, kuma wanda ya ce wa mai garaje "sannu ba ta hana zuwa" zai ce wa mai nawa "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe". Babu wanda ke jin ya yi tufka da warwara, kamar yadda mai magani ba ya ganin ya saɓa wa kansa don jakarsa ɗaya ta ƙunshi maganin gudawa da na cushewar ciki. Gwaninta ba ta cikin yawan haddar, tana cikin gane wanda ya dace da wannan majinyaci a wannan rana, shi ya sa a zaure ake yaba dattijo da cewa ya san inda ake ajiye magana, ba a cika yaba shi da cewa ya san magana da yawa ba.

Idan aka koma ga ilimin tauhidi, wato ilimin da ke bayanin abin da ya wajaba Musulmi ya ƙudurce game da Allah da manzanninsa, za a tarar malamai sun daɗe da fuskantar wannan karo a sifarsa ta asali. Tun ƙarni na farko na Hijira aka sami Ƙadariyya, waɗanda ake jingina farkonsu ga Ma'abad al-Juhani na Basra, masu cewa bawa ne ke samar da aikinsa ba tare da wani rubutu da ya gabata ba. Daga baya aka sami kishiyoyinsu Jabariyya, waɗanda ake jingina su ga Jahamu ɗan Safwan da aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, masu cewa bawa tilastacce ne, ba shi da zaɓi ko kaɗan. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 324, ya bi tsakani da abin da ake kira kasabu, ma'ana Allah ne mahaliccin aikin, bawa kuma shi ne mai tsiwirwirar sa da nufinsa da zaɓinsa, kuma a kan wannan tsiwirwira ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Wannan mazhaba ce ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Sanusi, malamin Tilimsana da ya rasu a 1490, tare da babin aƙida da ke farkon Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda har yau ake karanta ta a zaurukan Gusau bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Masu suka sun daɗe suna cewa kasabu suna ne kawai da aka laƙaba wa matsalar ba warware ta aka yi ba, kuma sukar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, amma abin da mazhabar ta kiyaye a fili yake: ba a yarda a saki ɗaya daga cikin igiyoyin biyu ba, ikon Allah a kan komai da alhakin bawa a kan aikinsa.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin waɗannan muhawarori. 'Yandoto, da ke ƙasar Tsafe a yau, ta kasance matattarar malamai da almajirai ƙarnoni kafin jihadi, har zuwa lokacin da Muhammadu Bello ya ci ta da yaƙi wajen 1806 bayan malamanta sun ƙi bin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga cikin malaman da suka bi Shehu a yankin ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau, har yau kuma sarkin garin yana amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Kafin jihadin, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, kuma ɗaya daga cikin manyan gwagwarmayarsa ta ilimi ita ce da wasu ɗalibai masu zurfafawa a ilimin kalam, wato tabbatar da aƙida da hujjojin hankali, waɗanda ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin da ke cikin littattafai. Shehu ya tsaya a kan cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne ko da ba su iya fayyace shi da lafazin malamai ba. Matsayin nan yana da amfani ga mai nazarin karin magana, domin yana buɗe ƙofar a tambaya ko manomin da bai taɓa jin kalmar kasabu ba yana riƙe da igiyoyin nan biyu ta wata hanya tasa, kuma ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne yana riƙe da su, hanyar kuwa ita ce rarraba zantukansa bisa lokaci.

Idan aka saurari yadda ake amfani da su a zahiri, za a ga karin maganar himma kusan duka ana faɗin su ne kafin aiki, yayin da ƙofa take buɗe, na ƙaddara kuwa ana faɗin su bayan an gama, yayin da babu sauran abin yi. Uba yakan ce wa ɗansa "ba a fafe gora ranar tafiya" a bazara, lokacin da ya kamata a yi sassabe, a kai taki, a gyara garma da fartanya, a ware iri. Maƙwabci kuma yakan ce wa wannan uban "kana naka Allah na nasa" a kaka, idan ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi, aka ɗaure dami goma a gonar da ta saba ba da talatin. Mutum ɗaya ne ya faɗi na farko ya karɓi na biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wannan rabo ba ƙirƙirar manoma ba ce, domin akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya tsara al'amarin a jere kamar haka: ya umurci mumini da ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, sannan idan wani abu ya same shi ya hana shi zaman kirga abin da da ya yi da ba haka ba, ya umurce shi da ya mayar da lamarin ga abin da Allah ya ƙaddara. Rabin farko na hadisin yana kallon gaba, rabin ƙarshe yana kallon baya. Bahaushe ya taƙaita rabin ƙarshen da cewa "da na sani ƙeya ce", wato abin da ke baya wanda ido ba ya iya juyawa ya gyara.

Noman rani da na damina duka suna nuna wannan, amma babu inda ya fito sarai kamar a binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko ya sauka. Manomin da ya yi binne ya fitar da iri daga rumbun da ya riga ya yi ƙasa, ya zuba shi a rami bisa zaton cewa ruwa na kusa. Idan ruwan ya zo da ƙarfi ya riga maƙwabtansa da kwanaki masu daraja, idan kuma yayyafi kawai aka yi, irin ya tsiro ya ƙone, sai ya sake shuka. Mutumin da ya yarda cewa himma ba ta da amfani ba zai yi wannan ba, haka kuma wanda ya yarda cewa himma ce kaɗai ke kawo amfani ba zai iya jure asarar ba idan ta zo. Abin da malamai ke kira tawakkali, wato dogara ga Allah bayan riƙo da sababi, kamar yadda aka umurci mai raƙumi a hadisin Tirmizi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara, shi ne abin da mai binne ke aikatawa da fartanya a hannu. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su daina shuka ba a daminar da ta biyo baya, kuma wannan kaɗai ya isa ya raunana zargin naɗe hannu.

Lokaci kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sanin mai magana da wanda yake fuskanta. "Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi" magana ce ta ƙaddara, amma ba a yi ta don hana kowa neman ɗaukaka ba, an yi ta ne don a kashe wutar hassada a zuciyar wanda ya ga ɗan'uwansa ya fi shi. Haka "hassada ga mai rabo taki" tana ƙarfafa wanda ake yi wa ƙyashi ne, ba ta koya masa zama. Akwai kuma wani amfani mai laushi da baƙo ba ya saurin gane shi. Idan wani abin kunya ya auku a gida, kamar ɗa ya shiga hannun hukuma ko 'ya ta yi abin da ba a so, masu zuwa jaje sukan ce ƙaddara ce ta faɗa masa ko ta faɗa mata, alhali kowa a wurin ya san akwai laifi, kuma an riga an yi faɗa a cikin gida. Ba wanke mai laifi ake yi ba, sutura ake yi wa iyaye don su iya ɗaga kai a cikin jama'a. Kotu ba ta karɓar wannan lafazi, kuma babu mai tsammanin ta karɓa. Lokacin da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, duk ginin ya tsaya ne a kan taklifi, wato ɗora wa baligi mai hankali nauyin abin da ya aikata da zaɓinsa, kuma mutanen da suka cika filin taron su ne dai masu cewa ƙaddara ta riga fata a gidan makoki.

Malamai sun fitar da ƙa'ida a nan daga hadisin jayayyar Annabi Adamu da Annabi Musa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bayyana cewa abin da Annabi Musa ya yi zargi a kansa shi ne musibar fita daga Aljanna, ba zunubin da aka riga aka tuba daga gare shi aka kuma yafe ba, don haka ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibu, ba a kafa ta a kan laifuffuka. Karin maganar Hausa ta san wannan iyaka, har ma tana da zantukan da ke tsaye a kanta. "Mai rabon shan duka ba ya jin bari" ta ambaci rabo, amma duk mai ji ya san zargi ne, domin an ce masa bari ya ƙi; "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka" da "duk abin da ya sami shamuwa watan bakwai ne ya ja mata" ba su bar wa mai laifi wata mafaka a bayan rubutun da ya gabata ba.

Akwai zance ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa dabam, shi ne "Allah ya ce tashi in taimake ka". Malamai da yawa suna gargaɗi a kansa, kuma gargaɗin yana kan hanya, domin wannan lafazi ba aya ba ne ba kuma hadisi ba ne, jingina wa Allah maganar da bai faɗa ba kuwa abu ne mai girma. Ma'anarsa dai tana da madogara: aya ta 11 a Suratur Ra'ad ta rataya sauyin halin mutane a kan sauyin da suka yi wa kansu, kuma a Suratu Maryam an umurci Nana Maryamu, tana cikin naƙuda, ta girgiza kututturen dabino kafin 'ya'yansa su zubo mata. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a gyara lafazin a bar ma'anar, a kuma lura cewa mafi yawan masu faɗin sa ba ruwaya suke nufi ba. Haka lamarin yake ga zantukan da suka rage daga zamanin maguzanci. Dutsen Kwatarkwashi, da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya shahara a da da bautar iskoki, kuma harshen bai manta da wannan zamani ba ko da mutanen sun bar shi: liman yakan ce wa almajirinsa mai kasala "ba a bori da sanyin jiki" ba tare da ya yi imani da bori ba, wani kuma ya ce "tsafi gaskiyar mai shi" yana nufin kowa da abin da ya dogara a kai. Wanda ya auna imanin mutum da irin waɗannan ya maimaita kuskuren ɗaliban da Shehu ya yi wa raddi.

Haɗarin gaske yana wurin da aka ɗauko maganar bayan aiki aka ajiye ta kafin aiki, ko aka ɗauke ta daga bakin mai jaje aka sa ta a bakin mai alhaki. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara, kuma an ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 suka rasu. Wanda ya ce wa uwar da ta binne ɗanta ajali ne ya yi kira ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta a muhallinta. Amma ga yaran da ke raye ƙofa tana buɗe, kuma abin da ya cece su shi ne kankare gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidaje a zubo sabuwa, da fitar da niƙa daga cikin gari, da maganin fitar da dalma daga jini da likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa bayarwa. Aikin tsabtace Bagega bai fara ba sai 2013, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, kuma jinkirin nan ba ya shiga ƙarƙashin "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Halifa Umar ya fuskanci irin wannan a zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ba shi amsa da cewa komawar ma cikin ƙaddara take, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe. Haka nan "haƙuri maganin zaman duniya" magana ce mai daɗi daga uwa zuwa 'yarta ko daga aboki zuwa abokinsa, amma idan ta fito daga mai mulki zuwa ga talakan da ya kawo kukan abin da mai mulkin ne ya kamata ya hana, ta zama Jabariyya da rawani. Shehu bai ɗauki jangali da gaisuwa da sauran zaluncin sarakunan Hausa da ya lissafa a Kitabul Farƙi a matsayin ƙaddarar da za a haƙura da ita ba.

Duk da haka, ma'aunin kafin aiki da bayan aiki yana da inda yake gazawa, kuma halin da ƙasar Tsafe da Bunguɗu ke ciki a shekarun nan ya nuna wurin. Tun wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka fara yaɗuwa a Zamfara, daga satar shanu zuwa garkuwa da mutane, har aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka rufe layukan waya a faɗin jihar a Satumbar 2021, kuma a ƙauyuka da dama sai an biya haraji ga 'yan ta'adda kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Fari yana zuwa ya wuce, a yi jaje a jira wata damina. Wannan musiba kuwa ba ta da ranar gamawa da za a tsaya a ce yanzu an shiga bayanta, domin kowace safiya bayan harin jiya ce kuma gabanin na gobe. Manomin da gonarsa ke nesa da gari yana da karin magana a kowane gefe: "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa" tana ce masa ya zauna, "mai nema yana tare da samu" tana ce masa ya fita, "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" kuma tana iya zama ƙarfin zuciyar da zai fita da shi ko ta'aziyyar da za a yi wa iyalinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke gaya masa ko akwai mutane a bayan dutsen yau. Malaman fiƙihu a irin wannan hali suna mayar da hukunci ga galabar zato, wato abin da ya fi rinjaye a tunanin mutum bayan ya bincika, su hana shi jefa kansa ga halaka idan zaton halaka ya rinjaya, su kuma halatta masa fita idan zaton tsira ne ya fi. Amma zato yana buƙatar labari, labari kuwa yana hannun 'yan sa-kai da direbobin hanya da jami'an tsaro, kuma rumbun da ya ƙare a watan Yuli yakan rinjayi kowane labari. Abin da ake ji a bakin mutane a irin wannan safiya galibi "gaba kura baya siyaki" ne, wadda ba ta cikin kashin himma kuma ba ta cikin na ƙaddara, domin ba ta umurni da komai, tana dai bayyana wa mai saurare cewa zaɓin da aka bar wa manomin ya ƙuntata har ya kusa fita daga abin da malaman tauhidi ke nufi da zaɓi, kuma a wurin malaman fiƙihu gwargwadon ƙuntatar zaɓin mutum gwargwadon sauƙin alhakinsa, nauyin ya koma kan waɗanda aka damƙa wa tsaron hanya da gona.